Babban Kamun Ntate Seabata

A ƙauyen Ha Tlali, can saman duwatsun Lesotho, ko ba ka taɓa ganin Ntate Seabata ba, ka taɓa jin muryarsa. A can, Ntate ake ce wa magidanci, kamar a ce baba, Mme kuma matar gida. Shekara goma sha tara ya yi a ramin haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. Da aka sallame su, sai ya yi wata biyu yana yankan ciyawa a wani masaukin masu kamun kifi kafin ya tattaro ya dawo gida. Shekaru goma sha taran nan ko zancensu ba ya tayarwa. Wata biyun nan kuwa sun ishe shi labari har ƙarshen rayuwa.

"Layi Turawa suke yi don su ga yadda nake jifa," haka yake faɗa a ƙofar kanti. "In ƙwarona ya sauka a ruwa, kifaye har dambe suke yi a kan wa zai fara haɗiya."

Shekara uku ke nan da dawowarsa, ba wanda ya taɓa jin ƙarnin kifi a hannunsa. Matarsa, Mme Mathuso, ita ke riƙe da gida da cinikin burodin da take turarawa a tukunya. Shi kuma yana riƙe da bencin ƙofar kanti, don kada iska ta ɗauke shi.

To, a ƙarshen watan Fabrairu, lokacin da a ƙasar can zafi ke shirin sallama, mai gari Morena Tlali ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Ya ce sansanin baƙi da ke bakin kogi na neman jagora ɗaya daga ƙauyen, wanda zai riƙa raka masu zuwa kamun tirawut, kifin nan mai ɗigo-ɗigo na ruwan sanyi. Aiki ne mai albashi duk wata, har da koriyar riga mai tambari a ƙirji. Ranar Asabar za a gwada masu so a Tafkin Dutse, kowa da ƙwaron ƙaryar da ya ɗaura da hannunsa, wato ƙugiyar da ake naɗa wa gashin tsuntsu da zare har kifi ya zaci ƙwaro ne na gaske ya faɗo ruwa.

Mai gari bai rufe baki ba Seabata ya miƙe, ya gyara bargonsa a kafaɗa.

"Morena, don me za a wahalar da mutane? A kawo rigar kawai. Babba nake sawa."

"Zauna, Ntate," in ji mai gari. "Akwai wani mai so?"

Daga ɓangaren mata hannu ɗaya ya ɗaga. Puleng ce, ƙanwar Mathuso, wadda ta yi shekara huɗu a sansanin tana ɗaura wa baƙi ƙwari. Seabata ya juya ya dube ta, ya yi dariya har da buga cinya.

"Ke, Puleng? Ranar da na auri yayarki fa majina ce a hancinki!"

"Na share ta tuni, Ntate," ta ce. "Kai ne har yau ba ka share bencin kanti ba."

Aka kwashe da dariya. Da aka watse ta biyo shi a hanya, domin tana tausayin yayarta, ta kuma san yadda gidan ke buƙatar aikin nan. Ta rage murya ta ce, "Ntate, ka saurare ni. Sati uku ba a yi ruwa ba. Kogi ya janye, ruwan ya yi garau kamar na kwalba, rana kuma ta ɗumama shi. Kifin nan yanzu ko inuwar hankaka ce ta gifta sai ya shige ƙarƙashin dutse. Ba abin da yake ci sai tururuwa da 'yan farin da iska ke kaɗowa daga ciyawa. Ka ɗaura tururuwa 'yar mitsitsiya, ka sa siririn zare, ka zo da asuba kafin ruwa ya yi ɗumi."

"Tururuwa!" Seabata ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "Ni da furfurata in zauna ina ɗaura tururuwa? Ke in kika yi babban baƙo, ƙwayar masara ɗaya kike ajiye masa? Kifin nan yunwa yake ji, yarinya. Sati uku yana lasar tururuwa. Ni zan kai masa abin da zai gani tun daga nesa ya ce yau take salla."

"Zai gani kam," in ji Puleng. "Har na ƙasar waje za su gani."

Ta dai aro masa sandar fatsa daga sansanin, ta haɗa masa da 'yar kwalba mai tururuwan ƙarya guda uku. Ya karɓi sandar, ya mayar mata da kwalbar.

Babban ƙwaro sai babban gashi, kuma duk Ha Tlali babu gashin da ya kai na wutsiyar zakaran maƙwabcinsa, Ntate Lebusa. Jan zakara ne ƙato, wutsiyarsa baƙa mai ƙyallin kore, in yana tafiya kai ka ce shi ne mai gari. Ranar Talata Seabata ya leƙa ta kan katangar dutse.

"Ntate Lebusa, gashi biyu kawai nake so. Sunan zakaranka zai shiga tarihi."

"Bar shi a bayan tarihi, nan ya fi masa lafiya," in ji Lebusa, ya kora tumakinsa ya tafi.

Seabata ya jira har ƙurar tumakin ta kwanta. Ya ɗebi masarar Mathuso ya zuba layi tun daga katanga har cikin ɗakin girki. Zakara ya biyo layi yana tsinta, taku ɗai-ɗai, har ya shiga. Seabata ya rufe ƙofa ya yi tsalle a kansa.

Abin da ya faru a ɗakin nan, maƙwabta da kunne suka gan shi. An ji kwano ya faɗi, an ji zakara ya yi ihu, an ji Seabata ya fi shi. Sai ga zakara ya fito fir ta taga, ga Seabata ya fito ta ƙofa, kunun tsamin da Mathuso ta jiƙa tun jiya yana zuba daga kansa, kumatunsa da zanen farce uku, hannunsa kuma riƙe da wutsiyar zakara. Ba gashi biyu ba. Duka.

Da yamma Lebusa ya shigo gidan ba sallama, rungume da zakara, ya juyo da bayan zakaran gaba, fes kamar gwiwar jariri.

"Ntate Seabata, mene ne wannan?"

Seabata ya duba da kyau kamar likita. "Sanƙo ne. Tsufa ke kawo shi. Ni ma ga nawa."

"Da safe yana da wutsiya!"

"Ni ma da ina da gashi."

"Kaji sun ƙi kula shi! Ɗazu ya ɗaga fiffike zai yi cara ya kife da baki, ba abin da zai riƙe shi ta baya!"

"To ka gani? Da ma nauyi ta yi masa. Zai saba."

Mathuso ce ta fito ta ba Lebusa haƙuri da burodi biyu masu zafi. Ya karɓa, amma a ƙofa ya juyo ya nuna Seabata da yatsa. "Ranar Asabar ina nan. Ko da rarrafe ne zan zo. A sahun gaba zan zauna."

Laraba gaba ɗaya Seabata ya yi ta a bayan ɗaki yana aiki. Ƙugiyoyin sansani sun yi masa ƙanƙanta, sai ya ciro wayar keke ya lanƙwasa ya wasa bakin. Ya naɗa mata jan ulu, ya kafa wutsiyar zakara duka, ya yi fukafukai da gashin zabo, ya tsinke maɓallai biyu daga rigarsa ya yi idanu. Siririn zaren da Puleng ta ɗaura a bakin igiyar kuwa ya yanke shi ya yar, ya sa zaren ɗinkin buhu, wanda ko jaki aka ɗaure da shi sai ya haƙura.

Da ya gama ya kawo wa Mathuso a tafin hannu biyu.

Ta ja da baya. "Wa ya kashe wannan?"

"Ba a kashe shi ba, haifarsa aka yi. Sunansa Janar."

Ta matso ta ƙura wa jan ulun ido. Ta shiga ɗaki da sauri. Ta fito riƙe da bargonta na zuwa coci, gefe ɗaya ya zare kamar ɓera ya yi sati yana ci.

"Seabata!"

In ta kira sunansa haka tsirara, ba Ntate, ya san gara ya sami abin yi a waje. Ya suri sanda ya ce zai gwada jifa.

A fili ya tsaya, ya buɗe ƙafafu, ya fara kaɗa sanda gaba da baya yadda ya ga baƙi na yi. Janar ya tashi sama yana wuu, wuu. Inuwarsa na giftawa, kajin unguwa suka ɗauka shaho ne. Kaza ta kwashi 'ya'yanta ta yi ƙarƙashin amalanke, agwagi suka watse, zakaran Lebusa ya zo gudu ya kife ya tashi ya sake kifewa. Mata masu dawowa daga famfo suka sauke bokitai suka tsaya kallo. Ganin mata ya sa Seabata ya ƙara ƙarfi.

"Ku lura da wuyan hannu! Duk sirrin a wuyan hannu yake! Wani Bature har kuka ya yi da ya ga..."

Iska ta juya. Janar ya dawo da gudu, ya same shi baki buɗe, ya maƙale caraf a leɓensa na ƙasa.

Shiru ya sauka a Ha Tlali irin wanda ba a ji ba shekara uku. Mutane suka riƙa fitowa daga gidaje suna tambayar ko lafiya. Aka same shi zaune a kan dutse, wutsiyar zakara na lilo a haɓarsa, idanun maɓalli na kallon jama'a. Lebusa ya zo ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya.

"Jama'a, a daina raina ƙwaron nan," ya ce. "Yana aiki. Jifan farko ya kama mai babban baki."

"Mmm! Mmm!" in ji Seabata.

"Me ya ce?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Cewa ya yi a bar masa shi haka har Kirsimeti," in ji Mathuso.

Puleng aka kira ta zare. Allah ya taimake shi wayar keke ba ta da ƙayar da ke hana ƙugiya fita, sai ta fito sumul. Leɓen ya kumbura ya yi kamar an soya shi. Tana shafa masa ruwan gishiri tana cewa, "Ntate, har yanzu kwalbar nan tana aljihuna. Ba wanda zai sani."

Seabata ya dubi aljihun nata. Ya dubi Mathuso can a bakin murhu tana hura wuta da idanu jajaye saboda hayaƙi, ya tuna rigar nan koriya, ya tuna yadda zai shigo gida ƙarshen wata ya ajiye mata abu a hannu. Har ya fara miƙa yatsu. Sai ya hangi Lebusa a kan katanga yana kallonsu.

"Fuleng," ya ce da kumburarren leɓe, "afin da ya kama mutum, kifi ne zai gagare shi?"

Ranar Asabar tun da sanyin safiya ƙauyen ya koma bakin kogi. Mata sun kafa tukwanen tuwon masara da ganye, ana gasa sabuwar masara, an shimfiɗa wa mai gari fata a kan dutse, manajan sansani na gefensa da littafi. Seabata kuwa bai fito ba sai da rana ta take tsaka. Ya ce babban kifi kamar babban mutum ne, ba a tashinsa da asuba.

Ya sauko gangare sanye da farar rigar ruwa ta ma'aikatan rami, da jar hular kwano, da takalman roba masu tsawo suna ƙwas, ƙwas a kan tsakuwa. Ya tarar da Puleng zaune tana cin masara.

"Ina kifinki?"

"Uku na kama kafin rana ta leƙo. Manaja ya auna, na mayar da su ruwa."

"Kin mayar! To ai ni ma jiya na kama ɗari na mayar." Ya ɗaga wa jama'a hannu. "Ku matsa, ku ba maza wuri."

Tafkin Dutse ya janye sosai a wannan shekarar. Ruwan garau, ana ganin kowace tsakuwa a ƙasa, ga kifaye kamar guda goma jere a inuwa suna kaɗa jela a hankali. Can kusa da ɗaya gaɓar akwai wani ƙaton dutse da ya kai ɗaki girma, wanda ya tare abin da ke bayansa. Jama'a duk suna wannan gaɓar. Lebusa ne kaɗai ya hau wani tsauni sama da kowa, ya zauna ya miƙe ƙafa da masararsa.

Seabata ya faɗa ruwa facal, facal, har gwiwa. Kafin ya tsaya, inuwoyin nan goma sun ɓace kamar an share su da tsintsiya.

"Sun gudu, Ntate," in ji manaja.

"Sun tafi kiran babbansu ne."

Jifan farko, Janar ya faɗi tim a gabansa, ruwa ya fantsamo masa a fuska. Na biyu ya tsinko reshen bishiya da ganyensa. Na uku ya wuce ta saman kan mai gari, har mai gari ya kwanta a kan fatarsa ba shiri.

"Ntate Seabata," ya ce yana karkaɗe bargo, "kogin yana gabanka. Nan baya mu ne."

"Iska nake aunawa, Morena."

A jifa na huɗu iskar ta tausaya masa. Ta ɗauki Janar ta yi sama da shi, igiya na warwarewa, ya haye tafkin gaba ɗaya, ya faɗa bayan ƙaton dutsen nan. Jama'a suka ce "Kai!" Shi kansa Seabata sai da ya dubi hannunsa.

Ya ɗan ja. Abu ya riƙe. Ya sake ja. Sai aka fizga daga can da ƙarfin da ya kusa cire masa kafaɗa. Sanda ta lanƙwashe kamar baka, abin naɗin igiya ya kama ƙara, ƙirrrr!

"Ya ci! Ya ci!" Seabata ya kurma ihu, kumburin leɓe duk ya manta da shi. "Ina masu tururuwa? Ku zo ku ga aikin Janar!"

Mata suka bar tukwane, maza suka miƙe. Puleng ta ajiye masararta ta yamutsa fuska, domin ta san bayan dutsen nan ruwa ya ƙafe tun sati biyu, yashi ne kawai da ciyawa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai muryar Lebusa ta sauko daga tsauni. Shi kaɗai ke hangen bayan dutsen, ya miƙe tsaye, ya dafe ciki.

"Riƙe shi, Ntate Seabata! Kada ka sake shi! Tunda uwata ta haife ni ban ga irinsa ba!"

"Yaya girmansa?" Seabata ya tambaya yana nishi.

"Ya kai ƙugunka!"

"Kun ji ko? Kun ji? Manaja, rubuta!"

"Fari ne fat!" in ji Lebusa.

"Tsufa ne! In suka tsufa fari suke komawa!"

"Har da gemu!"

"Dole ya yi gemu! Wannan ya girmi Morena!"

Igiya ta yi dama, ta yi hagu, Seabata na biye da ita yana tangaɗi a kan duwatsu masu santsi, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hular kwano. Bakinsa kuwa bai huta ba. Yana koya wa jama'a yadda ake gajiyar da babban kifi, yana gaya wa Mathuso ta nemo babbar tukunya, yana tambayar manaja ko rigar tana da aljihu biyu. Da igiyar ta kusa ƙarewa, sai ya naɗe ragowar a wuyan hannunsa sau uku, don kada rabo ya kuɓuce.

Daga bayan dutse aka ji wata murya, a shaƙe, cike da ɓacin rai.

"Mbeeee!"

Jama'a suka dubi juna.

"Ntate," in ji Mathuso a hankali, "kifinka ya yi magana."

"Haka manyan suke yi in sun ji wuya," Seabata ya ce, amma muryarsa ta ɗan sirance. "Iska ce ke fita daga..."

Ƙaho biyu suka ɓullo a saman dutsen. Sai gemu. Sai ga bunsuru gaba ɗayansa ya hau ya tsaya ƙiƙam, fari sol, dogon gashinsa mai lanƙwasa na sauka har gwiwa, Janar ya cukuikuye a gashin gadon bayansa kamar ya hau doki. Bunsurun ya dubi jama'a. Jama'a suka dubi bunsuru.

Dariyar da ta fashe, sai da duwatsu suka amsa. Tsofaffi suka zube a ƙasa, wata mata ta saki ludayi cikin wuta, manaja ya rufe fuska da littafinsa, Lebusa na birgima a kan tsauni yana kiran sunan zakaransa. Mai gari ya fi kowa, har hawaye yake sharewa da gefen bargo. Yana cikin sharewa ya ƙara duban dabbar, dariyar ta yanke.

"Kai! Wannan ai bunsuruna ne! Wanda zan kai gasar dabbobi a birnin Maseru! Seabata, sake shi! Za ka lalata masa gashi!"

Ko Seabata na so ya saki, igiya na naɗe a hannunsa. Bunsuru kuwa da ya ji hayaniya sai ya daka tsalle ya sauka ta baya ya nufi tudu. Igiya ta miƙe. Seabata ya ce "Wayyo!", ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya tafi da ciki tsundum cikin wuri mafi zurfi a tafkin. Hular kwano ta taso ita kaɗai tana juyi. Can sai ga shi ya ɓullo yana furzar da ruwa, bunsuru na jansa kamar kwalekwale, takalmi ɗaya ya bi kogi.

Da bunsurun ya ga tudu bai raba shi da abin da ke bayansa ba, sai ya juyo. Ya tsallako ta inda ruwa bai kai idon sawu ba, ya faɗo cikin jama'a. Igiya ta biyo shi tana shara. Ta kwashe masarar da ke kan wuta, ta kifar da tukunyar ganye, ta harɗe ƙafar manaja ya zauna daɓas a cikin tuwo. Mai gari na gudu a bayan bunsuru yana kiransa da sunaye masu daɗi, matarsa na gudu a bayan mai gari da bargonsa da ya yar.

A ƙarshen igiyar, Seabata ya iso gaɓa da rarrafe, gansakuka a kansa. Ya ɗago ke nan ya ga bunsurun tsaye taku biyar a gabansa, dabbar kuwa ta gano daga ina wahalarta take. Bunsurun ya ja da baya. Ya sunkuyar da kai.

"Morena," in ji Seabata, "yi masa magana."

Bai ƙarasa juyawa ba ƙaho ya same shi inda ake zama. Ya koma ruwa a karo na biyu, wannan karon da kai.

Maza huɗu ne suka danne bunsurun. Puleng ta durƙusa da ɗan almakashinta tana warware Janar sili-sili, mai gari tsaye a kanta yana nishi duk lokacin da ta yanke gashi ɗaya. Ƙugiyar ko fata ba ta taɓa ba. Da ta gama ta tsamo sandar sansani daga ruwa, ta duba ta ga ba ta karye ba, sannan ta miƙa wa mijin yayarta hannu ta jawo shi.

Mai gari ya koma kan fatarsa, ya yi gyaran murya. Ya ce aikin jagora na Puleng ne. Mata suka rangaɗa guɗa, manaja ya miƙa mata koriyar riga da hannu mai tuwo. Sannan mai gari ya juyo kan Seabata, wanda ke tsaye da takalmi ɗaya, ruwa na ɗiga daga kowace kusurwa.

"Kai kuma, tunda ka iya kama shi, kai za ka gyara shi. Kullum da safe ka zo garkena ka taje masa gashi, ka tsince masa ƙaya, har ranar gasa. In ya ci, ka ci abinci a gidana. In ya faɗi, ka bar garin nan kafin in dawo."

"A ba ni ƙwaron, Morena," Lebusa ya ce daga baya. "Zan ɗaura wa zakarana, ko kaji sa dawo."

Aka sake fashewa. Seabata ya share ruwan fuskarsa. Ya juya ya kama hanyar gida.

Mathuso na gaba da tukunya a ka, shi yana baya, ƙafa ɗaya ƙwas, ɗaya taf. Suka wuce gonakin masara bai ce uffan ba. Suka wuce coci bai ce uffan ba. Har ta fara damuwa, ta waiwayo ta gan shi yana rawar sanyi, leɓe a kumbure, ido a ƙasa. Ta sauke tukunya, ta cire bargonta ta yafa masa, ta ja gefen ta rufe masa ƙirji.

Suka ci gaba da tafiya, yanzu kafaɗa da kafaɗa. Sun kusa ƙofar gida ya yi tari.

"Mathuso."

"Na'am, Ntate."

"Amma dai kin ga jifan nan ko? Taku arba'in, iska na kaɗawa, dutse ya tare. Ko ganinsa ban yi ba na same shi a tsakiyar baya. Duk ƙasar nan wa zai iya?"

Ta cije leɓe, ta kau da kai, kafaɗunta na rawa har tukunyar na neman faɗuwa.

"Babu, Ntate," ta ce. "Shiga ka sake kaya. Zan ara maka matajina, gobe da sassafe kifinka na jiranka a garke."